Tsadar Gaisuwa

Da hantsi, hadari na haɗowa daga gabas, ya tsayar da babur a ƙofar gidan wani tsoho, can bayan Baure.

Mai babur ɗin shi ne shugaban zauren manoman gero na waya, shi ma ya kafa dokar: duk wanda ya turo saƙon da bai shafi noma ba, zai biya tara. Tallan magani da hotunan banza suka ɗauke ɗif. Sai dai har da muryar tsohon nan, mai turo "Jama'a, kun tashi lafiya?" kowace safiya. Shi kaɗai yake zaune, kuma da wannan gaisuwar ake sanin ya kwana lafiya.

Ya tarar da shi kan tabarma, waya a bakinsa, yana gaisuwa.

"Baba, ai ba ka danna wurin ɗaukar murya ba."

"Na sani, ɗan nan. Kullum ina gaishe ku. Dannawar ce ta yi mini tsada."

Shugaban ya tsuguna, ya danna da yatsansa. "Sake faɗa, Baba. Tarar a kaina."

Tsohon bai ko dube shi ba.

"To, riƙe da kyau. Mutanen da yawa."