Ruwan da ke ƙarƙashin gawo

Malama Tasalla, saki linzamin kwamfutar nan tukuna ki saurare ni. Kin ce ba ki ga amfanin wahalar da yatsu wajen sa baka masu kusurwa, biyu a gaban sunan aiki biyu a bayansa ba, tunda duk mai nema zai iya bincikowa da kansa. Gaskiya ne, baka huɗun nan ba su da wani kwarjini. Abin da suke yi kawai, su sa sunan ya koma shuɗi, wanda ya taɓa shi ya faɗa shafin aikin da ke da sunan. To bari in ba ki misali.

Wata ƙungiya ce mai haƙa wa ƙauyuka rijiyar burtsatse, tana tsara ayyukanta a manhaja irin wannan da ke gabanki, kowane aiki da shafinsa. Aka tura mai auna ƙasa wani ƙauye da ke kan fako, inda mata ke sammako su tafi busasshen rafi su tona yashi, su jira ruwa ya tsattsafo su kwalfa da ƙoƙo. Mutumin ya san aikinsa. Ya zagaye garin da na'urarsa, ya gano cewa tsakiyar gari dutse ne shimfiɗe, amma a yamma, gindin wani tsohon gawo, akwai ruwa mai yawa kuma ba nisa. Ya rubuta wannan tsaf a shafinsa. Da ya zo shafin mai haƙa, inda ya kamata ya ɗaura ayyukan biyu da baka huɗun nan, mota na jiransa direba na danna ham, sai ya ce a ransa, ai wanda zai haƙa ba yaro ba ne, zai nemo. Ya rufe kwamfuta ya tafi. Ba a jima ba aka mai da shi wata jiha.

Da bazara ta tsananta, mai haƙa ya iso da motarsa da injinsa. Ya buɗe shafinsa a waya, bai ga komai ba sai sunan gari da ranar fara aiki, sai ya ɗauka ba a yi awo ba. Ya tambayi dattawa, suka nuna masa fili kusa da masallaci, don kowa ya samu sauƙin zuwa. Tun kafin a kafa inji mata suka jera tuluna da jarkoki, layin har ya kai bayan gari. Wata tsohuwa ta yanka zakaranta ɗaya tilo ta dafa wa ma'aikata. Inji ya yi ta ruri, abin da ke fitowa daga ramin farar ƙura ce kamar garin rogo, tana sauka a kan tulunan. Aka matsa gaba aka sake, ƙura dai. A rami na gaba haƙorin injin ya karye a cikin dutse. Kullum rana ta take, mai haƙa yakan tafi yamma da gari ya zauna a inuwar gawon nan, don shi kaɗai ne itacen da ke da ganye, ya ci abincinsa, ya jingina da gindinsa yana tunanin inda ruwan garin nan ya shige, wayarsa na cikin aljihu. Da mai ya ƙare, lokacin wani gari kuma ya yi, ya naɗe kayansa. Tsohuwar ta biyo shi har bakin mota ta ce, “Ɗana, ko ɗan laima ba ka gani ba?” Ya kasa ɗaga ido. Ya ce, “Iya, sai haƙuri.” Kafin ya tada mota ya rubuta a shafinsa cewa babu ruwa a ƙarƙashin wannan gari.

Wannan jimlar ita ta kashe ƙauyen. Duk ƙungiyar da ta yi niyyar zuwa, sai ta tambaya, a ce mata an gwada ba a samu ba, ta juya wani wuri. Rafin ya ƙara nisa da ruwansa, mata na tona yashi har ramin ya shanye tsayinsu. Awaki suka fara faɗuwa. Masu ƙarfi suka kwance jinkunan ɗakunansu suka ɗora a amalanke, gida bayan gida, har masallacin ya rasa sahu. Tsohuwar ba ta da inda za ta, ta zauna tare da ire-irenta, a can aka binne ta, da ruwan da aka sayo daga wani gari aka yi mata wanka.

Shekaru suka wuce kafin wata sabuwar ma'aikaciya, tana share tsofaffin shafuka, ta ci karo da na mai awon. Ta kira mai haƙa ta karanta masa. Ya ce, “Gawon da ke yamma? A gindinsa nake cin abinci.” An kai maganar gaban shugabanni, suka ce ba a kai inji garin da ba mutane. Ruwan yana nan har yau, ba wanda ya taɓa kurɓarsa.

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, Malama, ba kuma wanda ya yi mugunta. Ɗaya ya sani bai ɗaura ba, ɗayan bai san akwai abin nema ba balle ya nema. Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.