Babur a Gefen Gado

Da aka rufe masaƙa, Baba ya riƙa tsinto sassan wani tsohon babur, yana haɗa su cikin ɗakinmu na haya a Makera don tsoron ɓarayi. Ya ce da shi zai yi acaba, mu bar unguwar.

Ranar da ya gama, da la'asar, ya ce, "Riƙe mini labule."

Na riƙe. Ya tura, ya ja baya, ya karkata. Lungun ƙofarmu ya yi wa babur kaɗan, tayar gaba sai dungurar bango take yi.

Baba ya zauna kan sirdi, ɗaki duk warin fetur. "Kar ka saki," in ji shi a hankali. "Bari in yi tunani."

Har yau a Makera nake. Duk sanda na ji warin fetur, sai in ji labulen nan a hannuna.