Yajin Teta

Ina ɗan shekara tara a unguwar Ainu Shams na yi gwanintar da har gobe nake jin kunyarta. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Lebanon, Teta muke ce mata, wato Kaka. Wata la'asar ta kira ni in taya ta cuɗa niƙaƙƙen naman da ake dunƙula kafta da shi, ta buɗe 'yar kwalbar saba'a baharat, haɗin kayan yaji bakwai. Kirfa, kanumfari, masoro, ƙamshi har tashar jirgin metro.

Na dangwala na lasa. Shiru, ko tari. A gidanmu kuwa yajin da bai sa ƙato hawaye ba gari ne kawai. Tausayinta ya kama ni. Na ruga gida na ɗebo dakakken barkonon Umma, na juye a kwalbar, na girgiza.

"Teta, na gyara miki yajinki."

Ta shinshina, ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Ma'alish, ba komai, habibi. Yayata ce ta daka shi kafin ta rasu. Iyakarsa ke nan."

Ba ta kai ƙarata ba, har kafta biyu ta ba ni. Ni da nake tashi da tiren shinkafa ni kaɗai, har yau lomar nan ba ta gama wucewa ba.