Yoyon Motar Maiwada

Mazarƙwailar 'yan kasuwar Makarfi ta sake narkewa a bodin motar Maiwada direba. Ya liƙe katako da kwalta, ya sake tamfol, duk a banza. Ga shi rani ne, ko gajimare babu!

"Kayanmu suka ƙara jiƙewa, mun bar motarka," in ji 'yan kasuwar.

Maiwada ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ranar kasuwar Kudan, da sassafe, ya laɓe cikin buhuna a bayan motar. Sai ga mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana kwarara rubutun tsari a kan kayan.

"Inna! Ashe ke ce yoyon?"

Ko gezau ba ta yi ba.

"Tun bikin 'yancin kai da ka sayi motar nan, ka taɓa faɗawa rami? Matsa, saura kusurwar can."