Takardar Sulhu

"Ba wanda ya ce ƙarya kike yi, 'yata," in ji Pak Harjito, wato Malam Harjito, shugaban tsangayar koyon shari'a, yana tura wa Sekar farantin soyayyar ayaba. "Amma jami'a gida ce, kuma a gida ake kashe magana. In 'yan jarida suka ji, wa zai sa hannu a kundin digirinki?"

Sekar ta maimaita cewa Pak Darmaji, malamin da ke duba kundin, ya kulle ofis ya yi mata fyaɗe. Shugaban ya ce kalmar ta yi nauyi, a rubuta "rashin fahimta".

Ya juyo wurina, ni sakatariyarsa da ake ce wa Bu, wato Malama. "Bu Warsini, takardar sulhu."

Na liƙa wa takardar kan sarki, na miƙa wa Sekar biro. Ta sa hannu.

Da za ta fita ta tsaya a teburina. "Bu, yanzu na gama bayani. Yaushe kika buga shafi biyu?"

"Suna kawai na canza, na sa naki. Nasa yana nan tun bugun farko."

"Wace ce ta farkon?"

"Ni ce. Kin ɗauka jarrabawa na ci aka ba ni kujerar nan?"