Ruwa a Fiffiken Dama

Na ɗaga kwalbar na haska ta da rana. Ruwa ne kwance a ƙarƙashin man da na tatso daga tankin fiffiken dama, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Gende, wani na son ganin bayanka," na ce wa matuƙin. "Raɓa ba ta tara ruwa haka. Tun rigimar filin nan mutanen tsallaken rafi ke hararar jirginka."

"Kai Kaupa, bakanike sai tsoro kamar farar kura! Tatse shi in tafi, masu kofi na jira."

Na tatse ruwan tas. Na duba fiffiken hagu, lafiya lau. Na bar tsani a jingine, na je taya masu lodi kinkimo buhunan kofi. Jirgi ya ruga gangaren filin, ya ɗaga, ya kutsa tsakanin duwatsu.

Sai ga Mama Dirua, mahaifiyar Gende, tana taunar buai, goron ƙasarmu, da fankon gora a hannu.

"Ɗan nan, ba ka tsoron Allah? Kullum in zuba wa ɗana ruwan albarka na coci a fiffike, kullum ka zubar a ƙasa!"

"Mama, ke ce?"

"Ni ce mana. Amma yau na yi maka wayo. Kana juya baya na hau tsaninka, na juye gorar kaf a na hagu."

Can bayan dutse, ƙarar injin ta fara sarƙewa.