Ƙofar Soro da Fankar Kaji

Kai ma dai da neman magana. Ƙato da kai, da gemunka da 'ya'yanka, ka zo ka tsugunna kana tambayata wane mai gyara za ka kira don fitilun gidanka sun daina jin maganar waya? Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba? To gyara zama, tunda ka tambaya sai ka ji.

An yi wani mai kiwon kajin ƙwai, gidansa dogo ne irin na gado: zaure, sai soro, sai tsakar gida, sai can ƙurya inda ya gina wa kaji ɗaki. Mutum ne mai son kayan zamani. Ya sa wata 'yar na'ura mai auna zafi a ɗakin kajin, in zafi ya yi yawa fanka ta tashi da kanta, wayarsa kuma ta yi ƙara ko yana ina. Amma saƙon ba ya iya ratsa gidan a tafiya ɗaya, sai aka kafa 'yan akwatuna uku suna miƙa wa juna, kamar yadda ake miƙa bokiti hannu da hannu ranar gobara. Babbar tana zaure, ita ce mai ba da umarni. Ɗaya tana tsakar gida, ɗaya a bakin ɗakin kaji. Kowace da ɗan idonta, kore in ana jin juna, ja in an yanke. Abu ya yi ta tafiya har bazara ta shigo da zafinta, nan aka fara ganin halinsa. Yau fanka ta tashi, gobe ta yi gum da tsakar rana, kaji sun buɗe baki suna haki, waya kuwa ko tari ba ta yi ba. Mutumin nan ya kashe ya kunna har yatsansa ya gaji. Ya zargi akwatin ƙurya, ya cire ya sa sabo. Ya kira mai gyara, aka yi masa iso, matar gida ta shige ɗaki, aka wangale ƙofofi, ya bi gidan tun daga zaure har ƙurya yana kallon waya. Ko'ina kore shar. Ya ce lafiyarsu ƙalau, ya karkaɗe rigarsa ya tafi. Sau biyu ana haka. Sau ɗaya matar ta buɗe baki za ta ce wani abu, maigida ya ce ta bari, wannan ba aikin murhu ba ne. Ta koma bakin aikinta.

Ran nan aka yi wata irin rana mai narka kwalta. Masu sarin ƙwai sun cika zaure, shi yana tsakiyarsu ana ta lodi, hankalinsa kwance tunda waya ba ta yi ƙara ba. Ita kuwa matar tana tsintar shinkafa sai ta ji ƙurya ta yi tsit, shirun da bai dace da ɗakin kaji ba. Ta leƙa, guda bakwai sun riga sun miƙe ƙafa, sauran sun baje fukafukai a ƙasa. Ba ta tsaya ihu ba. Ta jiƙa buhuna ta rataya a tagogi, ta yayyafa ruwan randa, ta ɗauki faifai ta yi ta fifita har kafaɗarta ta mutu. Da baƙi suka watse ya shigo ya ga abin da ya faru, ya zauna a kan turmi. Sai ta ce ya zuba wa akwatin tsakar gida ido. Ta je ta tura ƙofar soro, wata shirgegiyar ƙofar ƙarfe, ta rufe. Ido ya koma ja. Ta buɗe, ya dawo kore. Ta sake rufewa, ja. Ashe duk ranar da maza baƙi suka zauna a zaure sai ta rufe ƙofar nan, kamar yadda kowace matar kirki take yi, ƙarfen kuma ya tare tsakanin ta zaure da 'yar'uwarta ta tsakar gida. Makonni tana lura da haka daga inda take zaman aikinta. Ta ce, “Ƙofa dai ba zan bar ta a buɗe maza suna hango ni ba. Abinka za ka ɗaga.” Ya ɗauko tsani da kansa, ya mayar da ta tsakar gida sama, daidai 'yar tagar da ke bisa soro, inda take hangen ta zaure ko ƙofa na rufe. Suka rufe suka buɗe ya fi sau goma, ido bai sauya ba, can ƙurya fanka ta ɗauka. Ya daɗe a tsaye yana kallon kajin da suka tsira suna layi a bakin ruwa, sannan ya juyo ya ce mata, “Allah ya biya ki, ni ne ban tambaya ba.” Bai tsaya nan ba, duk mai sarin da ya zo sai ya ba shi labari, yana ƙarawa da cewa Allah ya yi masa arziki tun kafin ya sayi kaza ko ɗaya.

Shi ya sa mutanen dauri suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ku kuma yara da kuka baza kunnuwa a bakin ƙofa, ba da ku nake ba. Maza ku wanke ƙafa kowa ya hau shimfiɗarsa.